Kujeru Ashirin da Kwaɗo Ɗaya

A ajinmu babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Akwai-Tsari muke ce masa, domin ko cewa ka yi bironka ya daina rubutu, sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Kwantar da hankalinka, akwai tsari." Ni tela ne, da safe ina makaranta, da yamma ina shago, kuma tun ranar farko Allah ya haɗa ni bas ɗaya da shi.

Kwalejinmu ta jeka-ka-dawo ce. Babu ɗakin kwanan ɗalibai, babu filin ƙwallo, sai dogon bene mai hawa uku da bishiya ƙwaya ɗaya da kowa yake rububin inuwarta. Arharta ce ta tara mu: masu shago, masu goyo, ma'aikatan da suke neman ƙarin takarda, da waɗanda suka gama sakandare bara. Damuwarmu ɗaya ce, wurin zama. Mu ɗari da tamanin ne a aji, kujerun zauren lacca kuwa ɗari da ashirin. Waɗanda gidajensu suke kusa su suke cinye su tun bakwai da rabi. Mu 'yan ƙarshen layi, da sai mun hau bas biyu kafin mu iso, sai dai mu jingina da bango ko mu ɗare taga, littafi a kan gwiwa. Anti Nas, wata ma'aikaciyar asibiti da ta girme mu duka, ta yi wata uku tana ɗora littafinta a gadon bayan duk wanda ya tsaya a gabanta.

Da aka ce nan da mako biyu za a zaɓi shugaban aji, mutum biyu suka fito. Ɗaya Doguwa ce, wata yarinya marar surutu wadda take tura wa kowa saƙo idan malami ya ɗage lacca, don kada mutum ya sha hanya a banza. Ɗayan kuwa ba sai na faɗa ba.

A cikin bas ya buɗe yaƙin neman zaɓensa, yana tsaye, hannu ɗaya a maƙale da ƙarfen sama.

"Jama'ar ƙarshen layi, daga gobe tsayuwa ta ƙare! Kujeru ashirin na sahun gaba namu ne. Ko ƙarfe nawa ka iso, kujerarka tana nan tana jiranka."

Anti Nas ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗin da ko a bas ba ka samu kujera ba?"

"Anti, shugaba ba ya zama alhali mabiyansa suna tsaye."

Kwandasta ya ce, "To shugaba, matsa ciki, ka tare mana ƙofa."

A ranar, bayan an tashi daga laccar ƙarshe, ya yago takardu ashirin daga littafinsa, ya rubuta AN KAMA da manyan baƙaƙe a kowace, ya sa hannu da wani irin zane kamar taswirar kogi, ya bi kujerun gaba ya manna da salatif. Washegari muka shigo a bayansa yana tafe yana buɗa kafaɗa. Sahun gaba cike taf. Wani ƙato ma da takardar yake fifita.

"Malam, ba ka iya karatu ba ne? Me aka rubuta a nan?"

Ƙaton ya juya takardar ya duba, ya ce, "An kama."

"To?"

"To ai an kama ɗin. Ni na kama."

Muka koma jikin bangonmu. Akwai-Tsari ya sunkuyo kunnena ya ce, "Laifina ne, Tela. Takarda ba ta da kwarjini. Abin da ɗan Adam yake shakka shi ne kayan ɗan'uwansa. In ka ga takalmin mutum a kan kujera, ka san mai shi yana kusa."

Ranar Laraba ya zo da buhu. Ya wuni yana jansa daga wannan lacca zuwa waccan, duk wanda ya tambaya sai ya ce kayan aikin kamfen ne. Da zauren ya watse ya zazzage shi: tsohuwar hular babansa, silifas ɗin ummansa, lema mai karyayyen ƙashi, murfin tukunya, gilashin kakarsa mai ido ɗaya, ƙaramin bokiti, da wasu tarkacen da ban ma gane su ba. Kowace kujera ya ɗora mata ɗaya.

Na ce, "Wane ɗalibi ne yake zuwa lacca da murfin tukunya?"

Ya ce, "Mai zurfin tunani."

Da safe tun daga bakin ƙofar shiga muka jiyo dariya. Baba Mai Shara ya kwashe kayan kaf, ya jera su a ƙarƙashin allon sanarwa kamar mai kasa kaya a kasuwa, ya rubuta KAYAN TSINTUWA a kwali. Ɗalibai sun kewaye wurin, wani ya sa gilashin kaka yana ɗaukar hoto. Akwai-Tsari ya ɗauke kai zai wuce, yana cewa, "Kai, wasu mutane ba su da kamun kai, dubi abin da suke kawowa makaranta."

Sai wata ta ɗaga bokitin ta karanta abin da aka rubuta a jikinsa da jan fenti: "Gidan Mai Inji."

Kowa ya juyo. Babu wanda bai san ummansa tana da injin niƙa a gida ba, domin kullum sai ya ba mu labarin abin da yake kira "masana'antarmu".

Ya ce, "Gidan masu inji nawa ne a duniya?"

Baba Mai Shara ya jingina da tsintsiyarsa ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Amma mai buhu a makarantar nan kai kaɗai na gani."

Na ɗauka ya haƙura. Kwana uku bai ce uffan a kan kujera ba. Ranar Litinin sai ga shi jakarsa tana wani ƙara kacau-kacau, kafaɗarsa ɗaya ta karkace saboda nauyi. Sarƙar ƙarfe ce ya aro a garejin kawunsa mai gyaran babura, da wani ƙaton kwaɗo da ya tono a ƙasan durowar ummansa.

Washegari muna da gwajin ƙididdiga, maki talatin cikin ɗari. Malamin darasin Ƙarfe-Takwas ake ce masa, domin takwas daidai yake shigowa ya sa sakata, ko kai ɗan wane ne. Wanda ya faɗi darasinsa sai ya maimaita, wato ƙarin wata huɗu na hawa bas biyu. Kowa a tsorace yake, kowa yana addu'ar ya samu inda zai dafa takarda.

Ba zan ɓoye ba, da hannuna a ciki. Ni na taya shi kifa kujeru goma a kan goma, ƙafafu a sama. Ya bi ya zura sarƙar ta cikin ƙafafu da majingina, ya zagayo, ya sake zagayowa, ya haɗa bakin biyu ya danna kwaɗo. Ya yi ƙas!

"Ka ji wannan ƙarar? Ƙarar nasara ke nan. Gobe ina isowa in buɗe, mutanena su zauna kamar 'yan majalisa."

"Ina makullin?"

"Yana gida, cikin zoben makullan Umma, a rataye a ƙusa."

"Ka gwada shi?"

"Tela, kai zare ka sani. Ƙarfe ka bar wa masu shi."

Ranar Talata tun daga tashar farko yake kaɗa makullai a yatsa. Ya karanta sunayen mutum ashirin da ya zaɓa, Anti Nas a kujera ta ɗaya, kusa da fanka. Ita dai tana ta haddar darasinta. Cunkoso ya riƙe mu a shatale-tale, ba mu iso ba sai takwas saura minti goma.

Zauren kamar an tashi kasuwa. Kujeru ɗari kawai suka rage, saboda haka har waɗanda ba su taɓa tsayuwa ba yau suna tsaye, suna zagaye da tulin kujerun da aka ɗaure, kowa yana tambayar wane marar imani ne ya yi wannan.

"A ba da hanya! A ba da hanya, mai makulli ya iso!"

Ya tsuguna gaban kwaɗon, ya gyara hannun riga. Ƙaton nan ya kai hannu zai taɓa, ya buge hannun.

"Kar ka taɓa. Wannan kwaɗon ba irin na kasuwa ba ne. Kana jansa zai ƙara cijewa."

Makulli na farko bai shiga ba. Na biyu ya shiga bai juya ba. Na uku ya yi ƙanƙanta har yana iyo a ciki.

Wani daga baya ya ce, "Saura nawa?"

"Huɗu. Da gangan nake yi, ina ɗumama shi ne."

Da ya kai na bakwai gumi ya jiƙa masa wuya. Ya koma kan na farko. A daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Wayar tasa ta taɓa faɗawa ruwa, ba a jin magana sai an sa sifika, saboda haka duk wanda ya kira shi da jama'a yake magana.

"Kai! Ina makullan ɗakin inji?"

"Umma, ina cikin wani muhimmin taro."

"Taron me? Mata sun cika mini ƙofar gida da robobinsu tun ɗazu, na kasa buɗe ɗaki. Kai ka ɗauka?"

"Aro na yi, Umma. Da azahar zan..."

"Da azahar? Kuma tsaya, ina silifas ɗina? Kwana shida ina yawo da na babanka kamar agwagwa."

Zauren ya fashe. Wasu har da dukan tebur.

"Su wa nake ji suna dariya? Zauna nan inda kake. Kar ka motsa." Ta kashe.

Ya mayar da wayar aljihu a hankali, ya ce, "Umma akwai barkwanci." Sannan ya miƙo mini hannu. "Tela, ba ni fil. A garejin kawu minti ɗaya nake buɗe irin wannan."

Na zaro fil daga wuyan rigata na ba shi. Ya zura, ya karkata kai, ya lumshe ido kamar likita mai sauraren ƙirji. Fil ya karye a ciki. Ya karɓi na biyu don ya ciro na farko, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Anti Nas ta ce, "Saura minti uku. Ka ce kujerata tana kusa da fanka, har yanzu ban ji iska ba."

"Anti, ba kwaɗon ne matsalar ba. Sarƙar tana da wani lanƙwasa a ciki, in na warware shi daga ƙasa, kujerun za su zame da kansu."

Kafin a hana shi ya kwanta rub da ciki ya kutsa ƙarƙashin tulin. Kai ya shige, kafaɗu suka shige da ƙyar. Muka ji yana jan wani abu. Tulin ya yi wata girgiza, kujerun sama suka zame suka zauna a kan na ƙasa, ƙafar wata ta sauko ta ratsa ta cikin bel ɗinsa ta tokare ƙasa. Ya yi gaba, ya kasa. Ya yi baya, wando ya ce bai san zancen ba. Ƙafafunsa kawai suke waje suna harbin iska.

"Tela," in ji shi da wata siririyar murya, "ɗan ja ni."

Na kama ƙafa ɗaya, ƙaton ya kama ɗaya. Takalmansa kawai muka samu.

Sakata ta yi ƙara. Ƙarfe-Takwas ya shigo, takardu a hammata. Ya tako har gaban tulin, ya dubi sarƙa, ya dubi kwaɗo, ya dubi safa biyu, ɗaya da huda a babban yatsa.

"Wannan na waye?"

Daga ƙarƙashi aka ce, "Barka da asuba, Malam."

"Me kake yi a nan?"

"Ina warware matsalar wurin zama, Malam."

"Ka warware taka, na gani." Ya zaro takardar tambayoyi ɗaya, ya sunkuya ya tura masa ta tsakanin ƙafafun kujeru. "Minti hamsin. Wanda bai samu kujera ba ya zauna a ƙasa. Mun fara."

Nan fa aka shiga turereniya. Doguwa ce ta miƙe ba tare da ɗaga murya ba, ta ce duk siraran su haɗu biyu-biyu a kujera ɗaya, masu jaka mai tauri su ara wa na ƙasa su dafa. Ta kama hannun Anti Nas ta zaunar da ita a tata kujerar, ita kuma ta naɗe ƙafa a kan siminti. Cikin minti biyu kowa ya samu inda ya raɓa. Ni a ƙasa na zauna, daf da tulin, ina jin numfashin Akwai-Tsari.

"Tela. Tela! Bironka biyu ne?"

Na tura masa ɗaya da ƙafa.

"Tela, tambaya ta ɗaya, bakwai ce ko ɗaya? Nan babu haske."

Ƙarfe-Takwas ya ce, "Kujeru su yi shiru."

Saura minti goma a tashi aka fara dukan ƙofa. Ba irin ƙwanƙwasar ɗalibin da ya makara ba, duka ne na wanda ya saba a buɗe masa. Ƙarfe-Takwas bai taɓa zare sakata don wani ba, amma da ƙofar ta fara rawa a jikin bango, ya je ya buɗe.

Wata mata ce gajera kakkaura, gari ya yi mata fari-fari a hannuwa, ƙafarta cikin wasu manyan silifas na maza. Ashe ƙaninta mai gyaran babura ne ya ɗauko ta, suka yanko ta lungu. A bayanta ga maigadi yana haki, a bayansa kuma ga Magatakardan kwaleji da kansa, wanda hayaniya ta fito da shi daga ofis.

"Malam, ka yi haƙuri, ba zan daɗe ba. Ina ɗana?"

Mutum ɗari da saba'in da tara suka nuna wuri ɗaya da biro.

Ta zo ta tsaya a kan ƙafafun. Ta daɗe tana kallon hudar safar.

"Sannu da karatu."

"Umma, zan yi miki bayani."

"Ina makullaina?"

Na ɗauko su daga ƙasa na miƙa mata da hannu biyu. Ta ƙirga, ta ɗaure a bakin mayafi. Har ta juya, sai idonta ya faɗa kan kwaɗon.

"Wannan ba kwaɗon tsohon akwatina ba ne?"

Magatakarda ya ce, "Baiwar Allah, ko kin san inda makullinsa yake? In babu, sai an kira mai yankan ƙarfe."

"Makulli? Shekara shida rabonsa da makulli. Ai ba ya kullewa, ƙara kawai yake yi."

Ta sa yatsa biyu ta fizge shi. Ya buɗe. Sarƙar ta sulale ƙasa da wani dogon ƙara, muka taru muka ɗage kujerun, aka zaro Akwai-Tsari. Ya miƙe, ƙura tun daga gira har gwiwa, hannu ɗaya riƙe da wando domin bel ya tsinke, ɗaya riƙe da takardar da ya rubuta sunansa da rabin amsar tambaya ta ɗaya.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Dama na kusa..."

"Rufe mini baki," in ji Umma.

Magatakarda bai yi dariya ba. Yana ta kallon mutanen da suke zube a ƙasa, ga masu goyo, ga masu furfura.

"Kullum haka kuke zama?"

Doguwa ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Kullum mutum sittin ne suke rasa kujera. Yau ne suka zama tamanin. Na rubuto wa ofishinka sau biyu."

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai akwai sababbin kujeru sittin a sito, can hawa na uku, tun zangon da ya wuce, leburorin da za su sauko da su ne ba a samu ba.

Umma ta ce, "Lebura? Ga shi nan na haifa. Tunda kujera yake so, a ba shi ya ɗauka."

Haka aka yi. Na ɗaure masa wando da ƙyallen da nake goge allon waya da shi, ya fara hawa da sauka. Kujerun na ƙarfe ne, biyu yake iya ɗauka a ka. Sawu talatin, hawa uku. Mun so mu taya shi, Magatakarda ya ajiye maigadi a gindin matakala ya ce duk wanda ya taɓa kujera shi ma a ba shi sittin. Ranar Talata ya yi sawu goma sha huɗu, ranar Laraba ya ƙarasa. Duk wanda ya gamu da shi a matakala sai ya ce masa, daga ƙarƙashin kujerun, "Ka gani ko? Na ce za a zauna."

Ranar Alhamis, karo na farko tun da muka shiga kwalejin, kowa yana zaune. Aka ce zaɓe da ɗaga hannu za a yi. Da aka kira Doguwa, hannuwa suka tashi kamar an shuka su, mai ƙirga ya gaji a ɗari da sittin ya ce ya isa.

Aka kira Akwai-Tsari.

Yana gefena, wuya a sanƙare, yana warin man zafi. Na ga ya cije leɓe, ya yunƙura. Hannun ya taso daga cinya, ya kai daidai aljihun riga, ya tsaya yana karkarwa, ya koma. Ya gwada na hagu, wannan ko motsi bai yi ba. Babu hannu ko ɗaya a sama. Tausayi ya kama ni, na ɗaga nawa.

"Ɗaya," in ji mai ƙirga.

Ya matso da bakinsa ba tare da ya juya wuya ba. "Tela, don girman Allah, ɗaga mini nawa."

Na kama gwiwar hannunsa na cilla sama. Ihun da ya yi sai da maigadi ya leƙo ta taga.

Mai ƙirga ya ce, "Biyu."

Akwai-Tsari ya share ƙwalla da kafaɗa, ya ce, "Ka ga yadda ƙuri'a ta ninka cikin minti ɗaya? Da an ƙara mana lokaci, wallahi da yarinyar nan ta ji a jikinta."